Wushirya, Haƙorin Makka da Waya

A Ɗan Isa, da sauran garuruwan da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, haƙori bai taɓa samun mai sana'arsa shi kaɗai ba. Karaya tana da maɗori, haihuwa tana da ungozoma, amma haƙori raba shi aka yi. Tsaftarsa tana hannun mai shi, adonsa yana hannun mata, ciwonsa kuma sai a kai wa wanzami, ya haɗa da aski da ƙaho da kaciya da cire belu. Ni jikan wanzami ne. Zabirar gidanmu ƙanen mahaifina ne ya gaje ta, ni boko aka kai ni, amma na riƙe wa kakana kan mutane da yawa kafin in bar gida, don haka abin da zan faɗa game da wancan zamanin da idona na gan shi.

A cikin zabirar, ban da asake da ƙahoni, akwai wani ɗan awartaki da maƙerin garinmu ya ƙera, bakinsa a lanƙwashe. Mai ciwon haƙori yakan zo da sassafe, kunci a kumbure, ya kwana bai runtsa ba, ya riga ya gwada kanumfari da jar kanwa da garin taba duk ba su yi ba. Sai a zaunar da shi a ƙasa, ni ko wani yaro mu tsaya a bayansa mu danne kansa a cikinmu. Kakana yakan fara taɓa haƙorin da yatsa. In yana girgiɗa, sai ya ɗan zagaye dasashi da bakin ƙaramar aska, ya kama da awartaki, ya juya dama ya juya hagu, ya fizge. Babu allurar kashe zafi, sai salati. A ba mutum ruwan ɗumi da gishiri ya kurkure, a cusa masa auduga ya cije, ya tafi. Ladan aiki sau da yawa sai kaka, a kawo damin gero ko kaza. Amma in turmi ne da ya kafe a can ƙurya, kakana ba ya taɓawa. Yakan ce turmin da bai shirya fita ba karyewa yake yi, ya bar saiwa a ciki, kuma saiwar ta fi haƙorin mugunta. Daga baya na ji likitoci suna faɗin wannan da nasu harshen.

Akwai wasu masu maganin da kakana ba ya ga maciji da su, masu cire tsutsar haƙori. Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi ba a rasa su. Za su barbaɗa wasu 'ya'yan itace a kan garwashi, mutum ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sannan a nuna masa wasu farare-fararen abubuwa a cikin ƙwaryar ruwa a ce ga tsutsotsin da ke cin haƙorinsa nan sun faɗo. Cikin 'ya'yan itacen ne da zafi ya fasa. Ba mu kaɗai muka yarda da tsutsar nan ba, mutanen Bagadaza na dā da Turawa sun daɗe a kanta kafin a gane cewa ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar zaƙi a baki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa ƙwaƙule haƙori.

Duk wannan maganar ciwo ce. A zamanin kakana ba wanda ya ɗauki karkacewar haƙori a matsayin abin da ake nema wa magani. Yaro in ya yi famfara, sai a ce ya jefa haƙorin bisa rufin ɗaki, kuma kada ya bari ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani ba zai fito ba. Haƙoran nono ashirin su zube, na girma su maye gurbinsu har su kai talatin da biyu, yadda suka fito haka za a zauna da su. Wanda nasa suka fito zaƙo-zaƙo ya sha tsokana a dandali, wataƙila ya samu laƙabin da zai bi shi har kabari, shi ke nan. Halitta ce.

Amma kada a ɗauka bakin Bahaushe a sake yake, ba a yi masa aiki. Ana yi, sai dai abin da ake nema daban ne. Matan zamanin kakata ba farin haƙori suke so ba. Fure suke ci. Furen taba ne, wadda ake nomawa a fadamunmu, a tsinko shi ɗanye a goga a haƙora, a bi da goro, sai baki ya rine ja wur, wani har ya doshi baƙi. Amarya ba ta cika amarya ba in ba ta sha lalle a hannu da fure a baki ba. Goron ma akwai tarihi a bayansa. Dā fatake ke ɗauko shi daga Gwanja a kan jakuna, tafiyar watanni, don haka abin manya ne. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, sai jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga ya riƙa dawowa da huhunan goro daga ƙasar Yarbawa. Goro ya yi araha, kowace mata ta samu. Wannan jirgin dai shi ya kawo sukari da alewar kanti, kuma ina da yaƙinin cewa awartakin kakana ya fi samun aiki bayan zuwansa fiye da na kakansa.

Sai wushirya. Wannan ƴar tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama, babu abin da ya kai ta daraja a bakin mace, har ma namiji. Zabiya tana wasa mai ita, samari suna rububinta, uwar miji in ta je ganin yarinya takan ja ta da hira don ta yi dariya. A kudancin ƙasar nan har yau akwai masu zuwa a goge musu gefen haƙora don a samar musu da ita. A wajenmu ban san an yi hakan a fili ba, domin malamai suna karantar da hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya tsine wa mata masu goge haƙora su raba su don ado. Saboda haka wushiryar da Allah ya ba mutum ita ce ta gaske, shi ya sa ma take da tsada.

Fure ya fara ja da baya ne lokacin da 'yan mata suka shiga makaranta, buroshi da man goge baki suka shigo kanti, farin haƙori ya zama shi ne gayu. Asuwaki dai bai gushe ba, sunna ce, ga dalbejiya a kowace ƙofar gida. Abin da ya maye gurbin fure a matsayin adon baki shi ne haƙorin Makka. Dā mai zuwa hajji daga ƙasar Zamfara da ƙafa yake tafiya, ta Barno da Chadi da Sudan, ya yi shekaru, wani ma ba ya dawowa. Da jirgin sama ya fara jigila daga Kano, sannan kuɗin man fetur suka shigo, alhazan Najeriya suka haura dubu 100 a shekarar 1977. Manomi ya sayar da gyaɗa da shanu ya tafi ya dawo cikin wata guda. To da me za a gane ya je? Tsaraba takan ƙare, hula takan tsufa, amma haƙori yana nan. A wani ɗan shago a Makka ko Madina ake goge haƙori guda daga gefen na gaba, a kifa masa kwanson zinari ko na azurfa. Mata suka fi sa zinari, maza da yawa suka tsaya a azurfa saboda maganar haramcin zinari a kansu, ko da yake masu sa shi suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi izinin sa na zinari. Na san wata gwaggona da ta dawo daga hajji ta koyi wata irin dariya ta gefe ɗaya wadda ba mu san ta da ita ba. Abin da ba a faɗa wa alhazan ba shi ne, lafiyayyen haƙori ne ake gogewa, kuma in kwanson bai zauna daidai ba, abinci yana shiga ƙarƙashi. Ƙanen mahaifina ya cire irin waɗannan da dama, zinari a waje, ruɓa a ciki.

A lura da abu ɗaya game da fure da awartaki da haƙorin Makka. Dukansu aikin zama ɗaya ne. Fure a tsakar gida, wanzami yana nan cikin gari, haƙorin Makka kuma a tafiyar da dama za a yi ta. Ba wanda ke bukatar a koma. A nan ne ƙarfen haƙori, wato wayar da likita ke ɗaurawa don jera haƙora, ya sha bamban da duk abin da bakinmu ya saba da shi.

Shi ma yana da nasa dogon tarihin. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rayu a Ƙurɗuba shekara dubu da suka wuce, ya rubuta yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗa da zaren zinari, da yadda ake rage wanda ya fito ya tsere wa 'yan'uwansa. A Faransa, Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa kan aikin haƙori a 1728, inda ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaura haƙora a jikinsa don su jeru. Amma wanda ya mayar da abin fanni mai zaman kansa Ba'amurke ne, Edward Angle. A 1899 ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku, gwargwadon yadda turmin sama ke hawa na ƙasa, a 1900 kuma ya buɗe makarantar koyar da wannan aiki kawai a birnin St. Louis. Har yau da rabe-rabensa likitoci ke rubuta takardar mara lafiya a Kano. Dā kowane haƙori sai an zagaye shi da zoben ƙarfe. Sai a shekarun 1970 aka ƙware wajen manna ƙananan ƙarafa a fuskar haƙori da wani irin danƙo, a zura waya ta cikinsu. Kusan ƙarshen ƙarnin kuma aka fito da na roba garai-garai irin su Invisalign, waɗanda ake sawa a cire. A Najeriya, makarantar likitancin haƙori ta farko a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya. Arewa ta daɗe ba ta da ko ɗaya kafin Maiduguri da Jami'ar Bayero su buɗe nasu.

Yadda wayar ke aiki ya ba ni mamaki ranar da aka yi mini bayani. Ashe haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi ba, akwai wasu siraran jijiyoyi da ke riƙe da shi a raminsa. In waya ta matsa shi a hankali ba ƙaƙƙautawa, ƙashin da ke gefen da ake turawa sai ya riƙa narkewa, gefen da aka baro kuma sabon ƙashi ya riƙa tsirowa. Kusan aikin maɗori ne da karan ɗorinsa, shi ɗaurewa kawai yake yi, ƙashi ne ke yin sauran. Sai dai tafiyar ba ta wuce kamar milimita ɗaya a wata, in aka yi gaggawa saiwa ta lalace. Shi ya sa aikin ke cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani ya fi haka, kuma duk bayan mako huɗu zuwa takwas sai an koma an ƙara ɗaure wayar ko an canza ta. Ya fi sauƙi ga yaro ɗan shekara 11 zuwa 14, lokacin da galibin haƙoran girma suka gama fitowa amma muƙamuƙi bai gama ƙwari ba. Babba ma ana yi masa, ko ya haura arba'in, in dai dasashinsa lafiya lau yake, sai dai nasa ya fi jan lokaci.

Wadda ta fara shigo da waya gidanmu 'yar ƙanena ce. Ta daɗe tana tsotson yatsa tana ƙarama, haƙoranta na sama suka turo gaba har leɓe ba ya rufe su sai da ƙoƙari, barci baki buɗe, ga tsokana a makaranta har ta daina ɗaga hannu a aji. Ubanta ma'aikaci ne a Ƙaura. Ya kai ta Gusau, aka duba aka ce aikin ƙwararre ne, sai Kano. A lokacin, kuɗin irin wannan aiki ɗaruruwan dubban naira ne, a wasu asibitocin kuɗi ya haura miliyan, amma ana biya kaɗan-kaɗan, kuma ba kuɗin ne suka fi ba shi wuya ba. Hanya ce. Daga Ɗan Isa a fito Ƙaura, a kama Gusau, a bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, sannan Malumfashi da Gwarzo. Duk wanda ya san ƙasar nan a shekarun nan ya san abin da sunayen nan ke nufi ga mai ɗauke da budurwa a mota, saboda 'yan bindiga. Ba a fita kafin rana ta ɗaga, ba a bari la'asar ta yi a hanya, kafin a tashi sai an buga waya an tambayi direbobi. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, wata waya ta ɓalle a bakin yarinyar tana sukar kuncinta, babu halin kiran likita, babu halin tafiya. Ƙanen mahaifina, da tsufansa, shi ya ɗauko ɗan awartakin nan ya lanƙwasa bakin wayar ciki, ya liƙa mata kakin zuma a kai. Da aka samu komawa likitan bai yi faɗa ba, ya ce da ma kaki suke bayarwa.

Rigimar da ta fi ta hanya zafi a cikin gida aka yi ta. Yarinyar tana da wushirya, irin ta mahaifiyarmu. Ranar da ta fara zuwa gaishe ta da ƙarfe a baki, tsohuwa ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske.

"Mi anka yi ma bakin ɗiyar ga?"

Ƙanena ya ce, "Inna, gyara ne. Haƙoran za a mayar ciki."

"Wushiryar fa?"

"Likita ya ce in an ja su baya za ta rufe."

"Wa yac ce mishi cuta ta? Ni da ita ubanku yag gane ni."

Dariya aka yi, amma tambayar Inna tana da nauyi, kuma ina bayanta. Ma'aunin da Angle ya kafa a kan bakin Turawan Amurka ya kafa shi, kuma a littattafansu tazarar gaba aibi ce da ake rufewa. A wajenmu ado ce. Malaman da aka tambaya, a nan da ƙasashen Larabawa, sun halatta ƙarfen haƙori ne bisa cewa kawar da aibi ne da mayar da halitta yadda ta dace, ba canza ta don ƙawa ba. To in haka ne, haƙoran da suka hana yarinya rufe baki da tauna da kyau aibi ne, a gyara. Wushirya kuwa wa ta hana cin tuwo? Kakanninmu an hana su buɗe ta don ado, ban ga dalilin da jikokinsu za su biya kuɗi a rufe ta don adon wasu ba.

Wani abin kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda waya ta fara zama sabon haƙorin Makka. A TikTok za ka ga 'yan matan Kano da Kaduna da haƙoransu a jere reras sun sa ƙarfe mai roba kala-kala, don kawai a san gidansu da hali. Wasu ma ba likita ke sa musu ba, a shagon kwalliya ake mannawa. Waya ba ta san wasa ake yi ba, in ta matsa haƙori zai tafi, kuma ba wanda ya auna inda za shi. Alhajin 1977 haƙori ɗaya ya sadaukar, waɗannan baki ɗaya suke bayarwa.

Ba na mantawa kuma da cewa a ƙasar da muke wannan magana, babbar cutar baki ba karkacewa ba ce. Ciwon iska ne, wanda likitoci ke kira noma, mai farawa da kumburin dasashi a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci da leɓe. Asibitin da aka gina dominsa yana Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma yaran Zamfara suna cikin masu cika gadajensa. Sai a Disamba 2023, bisa neman Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ruwan gishiri da abinci da maganin ƙwayoyin cuta a kan lokaci suna tare shi. Uwar da ke Zurmi ko Shinkafi da za ta samu wanda zai leƙa bakin ɗanta sau ɗaya a shekara, da an rage ciwon iska, an kuma rage karkacewar ma, domin wani cunkoson haƙoran yana farawa ne daga turmin nono da ya ruɓe aka cire shi da wuri, na kusa suka matso suka cinye gurbin wanda zai fito.

Ƙanena ya koma Kano da saƙon Inna, yana jin nauyin faɗa. Likitan, wanda shi ma Bahaushe ne, ya ce ba shi ne na farko ba, iyaye da yawa suna roƙon haka, kuma ana iya ja da haƙoran baya a bar 'yar tazara, sai dai ba za ta kai faɗin ta dā ba. Haka aka yi. An cire ƙarfen bayan shekara biyu da wani abu, jinkirin hanya ya ƙara watanni a kai. Aka ba ta wata roba da aka zuba daidai bakinta, ta riƙa sawa in za ta kwanta, domin haƙori yana son komawa inda ya fito, kuma likitan ya ce ba ranar dainawa. In robar ta fashe ko ta ɓata, babu mai yin irinta a Ƙaura, sai an sake kama hanyar Tsafe. Yanzu tana karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, kuma ƙannenta biyu da ke tsotson yatsa uwarsu ta riga ta fara shafa musu maɗaci a babban yatsa.